Zafi Zai Ƙaru, Ruwa Kuwa Ana Taƙaddama: Yadda Ake Hasashen Yanayin Yankinmu Nan Da 2050 Zuwa 2100

Da wuya yanzu a yi taro kan noma ko muhalli a Kano, Abuja ko Yamai ba tare da an haska wa mahalarta wata taswira mai launin ja da shuɗi ba, a ce musu ga yadda yankinsu zai kasance a shekarar 2050. Matsalar ita ce taswirorin ba bakinsu ɗaya ba. Wata takan nuna hamada na ƙara kutsowa, damina na tsukewa. Wata kuma takan nuna ruwa zai yawaita har ambaliya ta zama ruwan dare. Kowanne ɓangare yana cewa masana ne suka faɗa, kuma gaskiya ne, masanan ne suka faɗa. Wannan ya sa wasu suka ɗauki abin baki ɗaya a matsayin shaci-faɗi, wasu kuma suka rungumi taswira guda kamar an gama magana. Duka biyun kuskure ne, kuma ba za a gane dalili ba sai an san yadda ake haɗa taswirorin tun daga tushe.

Hasashe iri uku da ake cuɗawa

Akwai hasashen kwanaki, wanda ake karantawa bayan labarai, na cewa gobe za a yi hadari a Gusau ko ƙura a Nguru. Akwai hasashen damina, irin wanda Hukumar Kula da Yanayi ta Najeriya, NiMet, ke fitarwa a farkon kowace shekara, da wanda cibiyoyin AGRHYMET da ACMAD na Yamai ke jagoranta domin ƙasashen Sahel kafin saukar ruwa. Wannan yakan faɗi lokacin da ake sa ran ruwan shuka da lokacin ɗaukewarsa a wannan shekarar kaɗai.

Na uku shi ne abin da ake magana a kansa a nan: hasashen dogon zango. Ba ruwansa da ko za a yi ruwa a Daura ranar 10 ga Agusta, 2050. Abin da yake ƙoƙarin faɗa shi ne yadda matsakaicin zafi da ruwa na shekaru 20 ko 30 masu zuwa zai bambanta da na shekarun baya. Kuma yana tafe da sharaɗi, domin ya dogara ne da yawan hayaƙin da duniya za ta ci gaba da turawa sama. Kwamitin masana sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya, IPCC, ya bayyana a rahotonsa na 2021 cewa duniya ta riga ta ƙara ɗumi da kimanin digiri 1.1 a ma'aunin Salshiyas idan aka kwatanta da shekarun 1850 zuwa 1900. Zuwa ƙarshen wannan ƙarni, ƙarin zai kai kimanin digiri 1.4 idan aka yi wa hayaƙi ragi mai tsanani, ko 2.7 idan aka bi tsaka-tsaki, ko 4.4 idan aka saki linzami. Saboda haka duk taswirar da ba ta faɗi wace hanya cikin waɗannan ta ɗauka ba, rabin zance kawai ta kawo.

Mene ne samfurin yanayi?

Samfurin yanayi manhajar kwamfuta ce da ke kwaikwayon yadda iska, teku, ƙasa da ƙanƙara ke musayar zafi da danshi. Ba ƙididdigar abin da ya wuce kawai take yi ta miƙe shi gaba ba. Dokokin kimiyyar fiziks ake rubuta mata da lissafi, kamar yadda iska mai zafi ke tashi sama da yadda tururi ke zama girgije, sai a bar ta ta yi ta juyawa, awa bayan awa, har ta cinye shekaru 100 ko fiye. Aikin ya samo asali tun shekarun 1960, kuma ɗaya daga cikin waɗanda suka aza harsashinsa, Syukuro Manabe, ya samu lambar yabo ta Nobel a 2021.

Domin a iya lissafin, sai an yanka duniya gida-gida. A samfuran da ke ɗaukar duniya baki ɗaya, faɗin kowane gida yakan kai kilomita 100 zuwa 200. Duk abin da ke cikin gida ɗaya, lamba ɗaya ake ba shi: zafi ɗaya, ruwa ɗaya, tsayin ƙasa ɗaya. Ke nan birnin Kano da ƙauyukan da ke kewaye da shi, da madatsar ruwan Tiga, da gonakin Kadawa duk suna iya faɗawa gida guda. Tsaunukan Jos, waɗanda suka haura mita 1,200 kuma suke jawo ruwan da ya fi na kewayensu, sai su koma ɗan tudu mai laushi. Abin kamar ragar kamun kifi ce mai manyan idanu: giwan ruwa ba zai tsere mata ba, amma ƙananan kifaye duk sun wuce.

A Sahel wannan babbar illa ce, domin ruwa yana canzawa sosai cikin ɗan gajeren zango. Daga Kano zuwa Damagaram tafiyar kilomita 240 ce ko kusa da haka, amma ruwan da Damagaram ke samu a shekara kusan rabin na Kano ne.

Yadda ake sauko da hasashe zuwa yanki

Wannan giɓin ne ya haifar da fasahar da masana ke kira daunskelin, wato sauko da hasashen duniya zuwa ma'aunin yanki. Hanyoyi biyu ake bi.

Ta farko ita ce a gina wani samfurin na yanki kaɗai, mai ƙananan gidaje, a dasa shi cikin na duniya. Na duniyar ke ba shi labarin iska da danshin da ke shigowa ta iyakokinsa da kuma zafin teku, shi kuma ya yi lissafin cikin gida dalla-dalla. An fara wannan a Amurka a ƙarshen shekarun 1980, kuma samfurin RegCM, wanda cibiyar ICTP da ke birnin Trieste na Italiya ke kula da shi, yana cikin waɗanda masanan Afirka suka fi amfani da su. A 2009 aka kafa shirin CORDEX domin a haɗa kan cibiyoyi su riƙa gwaji a kan tsari ɗaya, kuma Afirka aka sa a sahun gaba. An fara da gidaje masu faɗin kilomita 50, daga baya aka sauko zuwa 25. Wannan hanya tana cin kuɗi da lokacin manyan kwamfutoci.

Ta biyu ta ƙididdiga ce, kuma ta fi arha. Ana duba bayanan shekarun baya a gano alaƙar da ke tsakanin babban tsarin iska da abin da ma'aunin ruwa na wani gari ya rubuta, sannan a ɗora wannan alaƙar a kan hasashen gaba. Rauninta a fili yake: ta ɗauka cewa alaƙar jiya ita ce ta gobe, alhali sauyin da ake nazari yana iya rushe ta. Kuma ba ta aiki sai da bayanan tashoshi na shekaru masu yawa, abin da yankinmu ke da ƙarancinsa.

Inda aka yi ittifaƙi

A batun zafi babu wata jayayya ta a zo a gani. Samfuran duniya da na yanki, tsofaffi da sababbi, duk sun nuna Afirka ta Yamma za ta ƙara zafi, kuma cikin ƙasa, wato Sahel da Sahara, zai fi bakin teku ɗumama. Rahoton IPCC na 2014 ya tattaro hasashen ƙarin digiri 3 zuwa 6 a yankin nan da ƙarshen ƙarni, gwargwadon yawan hayaƙi. A wurin da watannin Maris zuwa Mayu suka saba haura digiri 40, ƙarin digiri 2 ma ba ƙaramin abu ba ne. An ga alamarsa a farkon Afrilun 2024, lokacin da garin Kayes na ƙasar Mali ya kai digiri 48.5, ana cikin azumi, ga ɗaukewar wutar lantarki. Masana na ƙungiyar World Weather Attribution sun yi nazarin wannan zafin, suka ce da ba don ɗumamar da ɗan Adam ya haddasa ba, da bai kai haka ba.

Inda aka rabu

Ruwan sama ne ya raba kan samfuran, kuma tarihin farin Sahel ya nuna dalili. Bayan shekarun yalwa na 1950, ruwa ya yi ta raguwa har aka shiga yunwar 1972 zuwa 1974, sannan ta 1983 zuwa 1985. Tafkin Chadi, wanda faɗinsa ya kai kimanin murabba'in kilomita 25,000 a shekarun 1960, ya tsuke zuwa ƙasa da 2,000 a tsakiyar shekarun 1980. A 1975 wani masani Ba'amurke, Jule Charney, ya kawo ra'ayin cewa ƙwaƙule ciyayi ta hanyar yawan kiwo yana sa ƙasa ta riƙa mayar da hasken rana sama, hakan kuma ya hana hadari haɗuwa. An daɗe ana ɗora wa makiyayi da manomi laifi bisa wannan. Sai nazarin masanan Birtaniya a 1986, da na Alessandra Giannini da abokan aikinta a 2003, suka nuna cewa babban abin da ya juya damina shi ne sauyin zafin tekuna. Daga baya an ƙara gano cewa ƙurar hayaƙin masana'antun Turai da Amurka ta Arewa ta taimaka wajen sanyaya arewacin tekun Atlantika, abin da ya ja layin ruwan zuwa kudu. Wato makomar gonar gero a Tasawa tana rataye da bambancin zafi tsakanin sassan teku da ke dubban kilomitoci daga can.

Samfuran duniya kuwa ba su yarda da juna ba kan yadda wannan bambancin zai kasance. A tsakiyar shekarun 2000, wani samfuri na cibiyar GFDL da ke Princeton a Amurka, wanda ya yi ƙoƙari wajen kwaikwayon farin da ya gabata, ya hango Sahel za ta bushe matuƙa a wannan ƙarni. A daidai lokacin, samfurin MIROC na Japan ya hango za ta jiƙe sharkaf. Tun daga nan tazarar ta ɗan ragu. Rahoton IPCC na 2021 ya karkata ga cewa ruwan damina zai ƙaru a tsakiya da gabashin Sahel, inda Nijar, arewacin Najeriya da Chadi suke, ya ragu a can yamma wajen Senegal, kuma damina za ta riƙa jinkirin sauka da jinkirin ɗaukewa. Amma matsakaicin tabbaci aka ba wannan, ba irin na zafi ba.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa game da daunskelin. Samfurin yanki yana cin abin da na duniya ya ba shi ne. Idan na duniyar ya yi kuskure a zafin teku, na yankin zai gaji kuskuren, ya kuma zana shi da kyau, ƙaramar hukuma bayan ƙaramar hukuma. Taswira mai gidajen kilomita 25 ta fi kyan gani kuma ta fi shiga rai, amma ƙanƙantar gida ba ita ce daidaito ba. Wannan ne ya sa a 2012 wasu masana biyu, Roger Pielke da Robert Wilby, suka fito fili suna tambayar amfanin aikin baki ɗaya, suna cewa ba a tabbatar yana ƙara ingancin hasashen shekaru masu nisa ba. Masu kare shi suka amsa cewa a wuraren tsaunuka, bakin teku da manyan tafkuna, da kuma wajen ruwa mai ƙarfi, samfurin yanki yana kama abin da na duniya ba ya gani sam. Kowanne na da hujjarsa, kuma abin da ya fi kusa da adalci shi ne: daunskelin yana gyara abin da ƙasa da hadari ke haddasawa a kusa, ba ya warware saɓanin da ya taso daga teku.

Hadarin gabas

Duk wanda ya tashi a ƙasar Hausa ya san ruwan kirki daga gabas yake tasowa, da guguwa a gabansa, galibi da la'asar sakaliya ko cikin dare. Kimiyya ta tabbatar da haka. Mafi yawan ruwan Sahel yana zuwa ne daga 'yan manyan gungun hadari da ke tafiya daga gabas zuwa yamma, suna iya ratsa ɗaruruwan kilomitoci. Idan aka rasa kaɗan daga cikinsu a shekara, an yi fari. Idan biyu suka biyo juna a kan ƙasar da ta riga ta sha, an yi ambaliya.

Samfurin da gidansa ya kai kilomita 25 ko fiye ba ya iya haɗa irin wannan hadarin da kansa. Ƙiyasta shi yake yi da wata dabarar lissafi, kuma sakamakon yakan zama ruwa kaɗan-kaɗan kusan kullum, da tsakar rana, saɓanin abin da ke faruwa a zahiri. Jimillar shekara tana iya fitowa daidai alhali yadda ruwan ya rarrabu ba daidai ba ne. Ga manomi kuwa, rarrabuwar ita ce komai. Milimita 600 da suka zo bi da bi suna cika rumbu, amma milimita 600 da rabinsu ya zuba cikin kwana uku, sannan ruwa ya ɗauke mako uku gero na shirin fitar da kai, asara ce.

Hukumar yanayi ta Birtaniya ta gwada maganin wannan da wani samfuri mai suna CP4-Africa, wanda ya rufe nahiyar duka da gidaje masu faɗin kilomita 4.5, ƙanana ainun har hadari na iya haɗuwa a cikinsa ba tare da ƙiyasi ba. Sakamakon da Elizabeth Kendon da abokan aikinta suka wallafa a 2019 ya nuna ruwa mai tsanani zai ƙaru fiye da yadda samfuri mai manyan gidaje ya nuna, sannan tsawon kwanakin da ruwa ke ɗaukewa a tsakiyar damina shi ma zai ƙaru a yamma da tsakiyar Afirka. Sai dai tsadar aikin ta sa shekaru 10 na yanzu da 10 na ƙarshen ƙarni kawai aka lissafa, daga samfurin duniya guda ɗaya, bisa hanyar hayaƙi mai yawa. Gargaɗi ne mai nauyi, amma murya ɗaya ce.

Abin da ya ƙara masa ƙarfi shi ne ya dace da abin da ake gani. Nazarin hotunan tauraron ɗan Adam da Christopher Taylor ya jagoranta, wanda ya fito a 2017, ya gano cewa hadari mafi tsanani a Sahel ya ninka sau 3 tun daga 1982, kuma an danganta hakan da ƙaruwar zafin Sahara. Ga kuma wata ƙa'ida da ba a musu a kanta: duk ƙarin digiri 1, iska na iya ɗaukar ƙarin danshi kimanin kashi 7 cikin 100. Ambaliyar 2022 da ta halaka fiye da mutum 600 a Najeriya, da ta Maiduguri a watan Satumban 2024 bayan ɓallewar madatsar Alau, ba ruwan sama kaɗai ya haddasa su ba, akwai gine-gine a hanyar ruwa, toshewar magudanai da halin da madatsun ke ciki. Amma an gina yawancin waɗannan abubuwa ne bisa lissafin ruwan shekarun baya, lissafin da ke tsufa da sauri.

Abin da hakan ke nufi ga gona

Wasu na jin an ce ruwa zai ƙaru sai su ɗauka albishir ne. Ba lallai ba. Zafi yana ƙafar da danshin ƙasa da wuri, yana kuma gaggauta nunar shuka kafin tsaba ta cika. Nazarin da Benjamin Sultan ya jagoranta a 2013 kan gero da dawa a Senegal, Mali, Burkina Faso da Nijar ya nuna cewa da zarar ƙarin zafi ya haura digiri 2, babu wani ƙarin ruwa da zai cike giɓin amfanin da aka rasa. Nazarin ya kuma gano cewa irin gargajiya da ke bin tsawon yini wajen fitar da kai ya fi jure sauyin fiye da wasu ingantattun iri na zamani. A ƙasar Hausa maiwa tana cikin wannan rukuni, kuma wannan dalili ne babba na kada a bar tsofaffin iri su ɓace.

Giɓin ma'auni

Ba a sanin samfuri ya yi daidai sai an gwada shi da abin da aka auna a ƙasa. Hukumar Yanayi ta Duniya ta daɗe tana cewa yawan tashoshin auna yanayi a Afirka bai wuce kashi 1 cikin 8 na abin da ya kamata ba. Tauraron ɗan Adam yana cike wani ɓangare, amma shi ma sai an daidaita shi da ma'aunin ƙasa. Babban binciken damina na AMMA, wanda ya yi zangonsa mafi girma a 2006 kuma Yamai ta kasance ɗaya daga cikin cibiyoyinsa, ya nuna irin ilimin da ake samu idan aka zuba kayan awo a wuri. Shirin WASCAL da Jamus ke tallafawa kuma yana horar da masana 'yan yankin a jami'o'i irin su na fasaha da ke Akure da Minna. Masanan suna samuwa. Abin da ya rage shi ne tashoshi masu aiki kullum, da adana tsofaffin rajistocin ruwa da ke cikin ofisoshin gona, da buɗe bayanan ga mai bincike ba tare da wahala ba. Ma'aunin ruwa a harabar makarantar sakandare, da malamin da ke rubuta shi kowace safiya, bai kai kuɗin taron kwana ɗaya a otal ba.

Yadda ya kamata a karɓi taswirar

Duk jami'i, ɗan jarida ko ɗan majalisar da aka nuna wa taswirar 2050 yana da haƙƙin ya tambaya: samfura nawa aka haɗa, kuma nawa ne a cikinsu suka yarda da wannan launin? Wace hanyar hayaƙi aka ɗauka? Da waɗanne shekaru aka kwatanta? An gwada samfurin da bayanan tashoshin yankin kuwa? Wanda ya kawo sakamakon samfuri ɗaya ya ce ruwan wata ƙaramar hukuma zai ragu da kaza cikin ɗari, ya faɗi abin da ilimin bai kai ba tukuna.

Rashin tabbas a jimillar ruwa kuma ba hujjar naɗe hannu ba ne, domin akwai ayyukan da za su yi amfani ko ta wane ɓangare abin ya faɗa. Faɗaɗa kwalbatoci da magudanai, duba lafiyar madatsun ruwa, hana gini a bakin rafi, tara ruwan damina domin noman rani, da samar da inuwa da ruwan sha a asibitoci da makarantu kafin bazara, duk ba sa jiran a sasanta tsakanin samfura. Manoman Maraɗi da Damagaram da suka riƙa barin gawo da sauran itatuwa su sake tofowa a gonakinsu tun tsakiyar shekarun 1980 sun farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 ba tare da sun ga taswira ko ɗaya ba, kuma aikin nasu yana kare gona daga zafi da zaizaya baki ɗaya.

Ya kamata gwamnatocin jihohin arewacin Najeriya da hukumomin Nijar su sa kuɗin tashoshin awo a kasafinsu na shekara, su kuma wajabta wa duk injiniyan da zai zana gada, titi ko madatsa ya yi lissafi da ruwa mai ƙarfin da ake hasashe nan gaba, ba da na shekarun 1970 ba.